Garin Neman Gashi Na Ci Amanar Manoma

Assalamu alaikum warahmatullah.

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in yarda in rubuta ta. Da wuya namiji ya fito ya faɗi abin da ya shafi shimfiɗarsa, balle ya haɗa da cewa ya ci amana. Abin da ya sa na daina jinkiri shi ne, kwanakin baya wani matashi a kasuwa ya nuna mini hoton kwalin magani a wayarsa, yana tambaya ko na san inda ake samu. Gabana ya faɗi, don kwalin nan na san shi kamar yunwar cikina. Na ja shi gefe muka yi magana mai tsawo. Da na koma gida na ce ba kowa zan iya ja gefe ba, gara in rubuta. Ba zan kama sunan kowa ba, sai sunan ƙwayoyin, su kuma zan rubuta su yadda suke a jikin kwali don wanda ya gani ya gane.

An haife ni a wani ƙauye kusa da Kura a jihar Kano, inda ruwan madatsar Tiga ya sa noman rani ya zama abincin kowa. Tumatir, shinkafa, alkama, su muka tashi muka gani. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mai sanƙo ne, kakana ma haka. Ban taɓa ganin abin ya dame su ba. Wanzami ya zo ya kwashe abin da ya rage, a ɗora hula, a tafi gona.

A 2009 na shigo Legas a saman motar tumatir, na sauka a kasuwar Mile 12. Da dako na fara, kwando a ka tun kafin asuba. Daga baya wani Alhaji ɗan yankinmu ya ɗauke ni yaronsa, na koyi dillanci a hannunsa har ya sallame ni na tsaya da ƙafata. Ga wanda bai san sana'ar ba: manomi ko ɗan kasuwa a Arewa zai ɗoro kaya a mota, shi ba zai biyo ta ba. Kai za ka sauke, ka sayar, ka cire kuɗin mota da la'adarka, ka tura masa sauran. Babu takarda, babu sa hannu. Wani ma shekara biyar kuna hulɗa ba ku taɓa ganin juna ido da ido ba. Jarin dillali ɗaya ne, a ce ai wane ba ya cin kuɗin mutane. Shekara goma sha uku na yi ina tara wannan jari. Na yi aure a 2017, na kama ɗaki biyu a Ketu, Allah ya ba mu yara.

Gashina ya fara janyewa daga goshi tun ina da shekara 25. Kafin in cika 32 tsakiyar kan ta fara sheƙi. Da a ƙauye nake da ban kula ba. Amma a Legas zama ya canza, kowa da waya, kowane biki sai hoto, kuma abokai ba sa raga wa mutum. Ka cire hula za ka yi alwala sai wani ya ce a kawo tabarau, rana ta fito. A yi dariya, ni ma in yi, amma in koma gida da abin a raina. Wata rana a wajen ɗaurin aure wani ya tambayi maiɗakina ko ni yayan babanta ne. Ita ta manta da maganar tun a ranar. Ni na kwana da ita, na tashi da ita. Ina faɗin wannan ne don masu irin wannan barkwanci su sani, ba kowane mai dariya ne ke jin daɗi ba.

Mai askina ne ya fara nuna mini wani ruwa da ake shafawa, minoxidil. Na yi wata uku ina shafawa safe da dare, na gaji. Sai ya ce akwai ƙwaya, ita ce ta gaske, finasteride. A ƙarshen 2021 na shiga wani kemis na faɗi sunan, aka miƙo mini ba tare da an tambaye ni takardar likita ba. Mai miligiram 1 da aka yi domin gashi ta fi tsada, sai aka ba ni shawarar in sayi mai miligiram 5, wadda asali dattawa masu kumburin furostet (wani ƙulli da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji) ake ba, in riƙa raba ta huɗu. Haka na riƙa yi da reza a kan murfin kwano, garin yana zuba, alhali maiɗakina tana da ciki. Sai daga baya na san cewa an hana mace mai ciki ko taɓa fasasshiyar ƙwayar nan, domin tana iya yi wa halittar ɗa namiji illa tun yana ciki. Allah ya tsare, mace aka haifa, lafiya lau. Har yau idan na tuna murfin kwanon nan sai tsigar jikina ta tashi.

Gaskiya maganin ya yi aiki. Cikin wata shida zubewar ta tsaya, wasu siraran gashi suka fito a tsakiya. Yadda yake aiki shi ne, a jikin namiji akwai sinadarin testosteron, jiki kuma yana juya wani ɓangarensa ya zama DHT, wanda shi ne ke ƙanƙantar da saiwar gashi a kan wanda ya gaji sanƙo. Ƙwayar tana toshe wannan juyawar. Abin da ban tsaya na yi tunani ba shi ne, sinadarin da Allah ya sa a jikin namiji ba domin fatar kai kaɗai ya sa shi ba.

A hankali abin ya zo. Sha'awa ta fara ja da baya har ta ɗauke ɗungum. In na kusanci iyali sai jiki ya ƙi amsawa. Bayan haka wani nauyi ya sauka a ƙirjina wanda ban san sunansa ba. Ciniki ya yi kyau, ba na jin daɗi. Yara su rugo su rungume ni, in ji kamar daga nesa nake kallonsu. Na ce sanyi ne, na ce basir ne, na sha jiƙe-jiƙen masu magani na bakin kasuwa, na sha zuma da tafarnuwa da dabino. Har zargin sammu na yi. Maiɗakina kuwa ta ɗauka wata nake nema a waje. Wani dare ta ce, "Abban yara, in na yi maka laifi ne ka faɗa mini, in kuma aure za ka ƙara ka faɗa mini, amma wannan shirun ya fi ƙarfina." Na ce gajiyar kasuwa ce. Ƙarya ta farko ke nan, kuma a kanta na gina duk sauran.

Ya kamata in yi adalci a nan. Ba kowa ke samun wannan matsala ba. A gwaje-gwajen da aka yi kafin a amince da ƙwayar domin gashi a Amurka a 1997, waɗanda suka yi ƙorafin matsalar shimfiɗa ba su kai 4 cikin 100 ba, kuma yawancinsu sun warware. Na san mutane a kasuwarmu da suke sha ba su ga komai ba. Amma a 2012 hukumar magunguna ta Amurka ta sa an ƙara gargaɗi a takardar maganin cewa a wasu maza matsalar kan ci gaba ko bayan an daina sha. A 2022 aka ƙara maganar tunanin kashe kai, a 2025 kuma hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta tabbatar da shi cikin illolin ƙwayar. Duk wannan yana cikin 'yar takardar da ake naɗewa a kwali, ko a inda mutum zai iya karantawa. Ni jefar da takardar nake yi tun a ƙofar kemis.

Tsakiyar 2022 na haɗa lissafi na gane ƙwayar ce, na daina. Gashin da ya fito ya zube cikin 'yan watanni. Matsalar kuwa ta zauna. Wata ɗaya, wata uku, wata biyar. A nan ne ya kamata in tafi asibiti. Na sha tsayawa a raina a gaban likita ina shirya yadda zan fara maganar, sai in ji harshena ya yi nauyi. In mace ce likitar fa? In wani ɗan kasuwarmu ya gan ni a layi fa? Waya kuwa ba ta da ido. Da dare in kowa ya yi barci sai in kwanta ina bincike da ɗan Turancina na sakandare, har na faɗa cikin wasu mutane na ƙasashen waje masu irin matsalata. Na ji sanyi da na ga ba ni kaɗai ba ne, wannan gaskiya ne. Amma majinyata ne ke rubuta wa majinyata magani. A cikinsu wasu suka riƙa yabon wata ƙwaya mai suna cabergoline, wai tana sauke furolaktin, sinadarin da ke sa nono ya kawo ruwa, tana tayar da dofamin, wani sinadarin ƙwaƙwalwa, sha'awa ta dawo kamar ta saurayi. Wanda ya ji daɗi a makon farko shi ke zuwa ya rubuta. Wanda ta rusa bayan wata shida ba ya dawowa ya ba da labari.

Ban auna jini ba, ban san ko furolaktin ɗina ya hau ko bai hau ba. A Disambar 2022 na saya, nan ma ba wanda ya tambaye ni komai.

Kwanakin farko tashin zuciya, ciwon kai, hanci ya toshe. In na ɗago daga sujada sai jiri ya kwashe ni, sau ɗaya sai da na dafa wanda ke kusa da ni a sahu. Yanzu na san jini ne ke sauka in mutum ya miƙe, aikin ƙwayar ne. Amma bayan mako biyu sai na ji kamar an buɗe taga a ɗakin da ya daɗe a rufe. Sha'awa ta dawo. Nauyin ƙirji ya ɗaga. Na koma mai fara'a, mai surutu, barcin awa huɗu ya ishe ni. Maiɗakina ta yi murna, ni kuwa na ɗauka na samo abin da likitoci ba su sani ba. Ƙwayar nan takan yi kwanaki a jiki kafin ta fita, shi ya sa masu matsalar furolaktin ake fara musu da rabin ƙwaya, miligiram 0.25, sau biyu kacal a mako. Ni na fara da haka, sai na koma ƙwaya guda, sai bayan kwana ɗaya, sai kullum, daga baya har biyu a rana. Tana taruwa a jikina ina ganin lafiya ce ke ƙaruwa.

Nan ne wurin da nake so mai karatu ya tsaya da kyau, domin shi ne abin da ban san yana yiwuwa ba.

Ban taɓa caca ba a rayuwata. Ko karta ban iya ba. Shagunan cacar ƙwallo da suka cika Ketu da Mile 12, ni ne mai yi wa yaran kasuwa faɗa in na gan su a ciki. Ayar da ke cikin Suratul Ma'ida wadda ta haɗa giya da caca ta ce ƙazanta ne daga aikin Shaiɗan, tun ina makarantar allo na haddace ta. A watan Fabrairun 2023 ina zaune ina jiran mota ta iso, wani yaro kusa da ni yana bugawa a waya, na ce ya nuna mini yadda ake yi. Na sa naira 500. Ban ji wani tsoro ba, ban ji zuciyata ta ce haram ba. Abin da na ji kamar ƙaiƙayi ne, wanda in ka sosa sai ya ƙaru.

Lokacin ya zo daidai da canjin kuɗi, sanda takardun 200 da 500 da 1,000 suka yi ɓatan dabo. Kasuwar da ta saba da tsabar kuɗi ta koma tiransifa. A da kuɗin manoma a jaka suke, in ƙirga, in kai banki, in tura, ido yana gani, hannu yana jin nauyinsu. Yanzu sun zama lamba a cikin waya, wayar da manhajar caca take ciki. Tsakanin amanar mutane da caca saura danna yatsa uku. Kuma kakar tumatirin rani ce, kaya na sauka ba dare ba rana.

Daga ƙwallon gaske na koma na kwamfuta, wanda ake gamawa cikin 'yan mintoci a sake wani. Ba cin nake nema ba, wallahi. Na taɓa cin 380,000 da daddare, ban ji komai ba, kafin asuba na mayar da su duka har da ƙari. Daɗin yana cikin 'yan daƙiƙoƙin nan ne na jira kafin sakamako ya fito. Ba caca kaɗai ba. Na sayi waya uku cikin wata biyu. Takalma da agoguna da yadudduka na tara waɗanda ban taɓa sawa ba. Ƙarfe biyun dare in tashi in cinye abin da aka ajiye wa yara na safe. Sha'awar da nake nema ta dawo, ta wuce iyaka har ta zama azaba ga maiɗakina, idona kuma ya fara zuwa inda bai saba zuwa ba, a waya da kan titi. Allah ya tsare ni daga aikata babbar alfasha, amma na san na tsaya a bakin ramin, kuma ba ƙarfina ne ya hana ni faɗawa ba. Ga barci da ke fizgata ba sallama. Sau biyu ina cikin motar bas ta BRT na farka na ga na wuce tashata da nisa. Na gode Allah ba tuƙi nake yi ba.

Azumin shekarar ya kama a ƙarshen Maris. Na yi rantsuwa zan daina. Na kai kwana biyu. A dare na uku na fito daga sallar asham, ban ko kai gida ba, na tsaya a jikin wata katanga na buɗe wayar. Ina bugawa ina hawaye. A goman ƙarshe mutane suna tahajjud ni ina bayan masallaci da waya. Duk tsawon wannan lokaci ko sau ɗaya tunanina bai kai ga ƙwayar ba. Na zargi Shaiɗan, na zargi lalacewar zuciyata, na zargi Legas. Ƙwayar kuwa a ganina ita ce abu ɗaya mai kyau da ya rage mini. Da ciwon ciki take sawa ko ƙuraje, da na gane. Amma ita abin da mutum yake so take canzawa, shi kuma yana jin son daga cikinsa yake fitowa, to wa zai tuhuma?

Na fara biyan wannan da kuɗin wancan. Manomi ya kira in ce kasuwa ta faɗi, ko in ce banki ne ya riƙe. Mutanen da suka yi wata uku suna ban ruwa, suka ci bashin taki, suna jiran kuɗin Sallar 'ya'yansu. Akwai wani dattijo, abokin mahaifina, da ya ce mini a waya, "Ɗana, ba komai, na san ba ka wasa da haƙƙin mutane, in ya shigo ka turo." Na kashe wayar na sa kuɗinsa a caca a daren. Wannan ita ce maganar da ta fi kowace yi mini nauyi a cikin rubutun nan.

Da rami ya yi zurfi na shiga manhajojin bashi. Su suka tona ni. Da na kasa biya sai suka tura saƙo ga duk lambobin da ke wayata, suna kirana ɓarawo. Saƙon ya je wa Alhajin da ya koya mini sana'a, ya je wa yayana a Agege, ya je wa surukaina a Kano. Da aka zauna aka yi lissafi a watan Yuni, kuɗin mutane da ke kaina ya kai miliyan huɗu da dubu ɗari uku, ban da nawa da na ƙone.

Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya dube ni ya ce, "Shekara nawa kana gabana ban taɓa ganin ka ɗauki tumatir ɗaya da ba naka ba. Wannan ba kai ba ne. Me kake sha?" Shi ƙwayar maye yake nufi. Na rantse masa ba na shan komai, kuma a raina gaskiya na faɗa, don ban ɗauki magani a matsayin abin sha ba.

Maiɗakina ce ta gano. Tana haɗa kayanta za ta tafi gida, ta ɗaga akwatina ta ga kwalaye. Ta san maganin, domin wata maƙwabciyarmu da ta daɗe ba ta haihu ba likita ya rubuta mata shi bayan an auna jininta. Ta fito da kwalin a hannu ta ce, "Abban yara, me kake yi da maganin mata?" A ranar na faɗa mata komai tun daga sanƙo. Ta zauna a bakin gado ta yi kuka, ta ce, "Shekara ɗaya da rabi ina zargin kaina. Da ka faɗa mini, da ni zan raka ka asibiti." Ta kira yayana. Da ya ji, abin da ya ce kawai shi ne, garin gyaran gira ka tsone ido. Ya kwashe kwalayen ya zuba a masai.

Da kyakkyawar niyya ya yi, amma wannan ma kuskure ne, kuma ina roƙon duk wanda zai taimaki ɗan'uwansa kada ya yi haka. Bayan 'yan kwanaki na shiga halin da ban taɓa shiga ba. Gumi, faɗuwar gaba ba dalili, jiki na rawa, barci ya ƙaura, baƙin ciki kamar an danne ni da dutse. Na fara jin cewa iyalina sun fi samun sauƙi in ba na raye. Na faɗa wa maiɗakina da asuba, kuma wannan faɗar ita ce daidai ɗin farko da na yi cikin shekara biyu. Kafin rana ta ɗaga yayana ya sa ni a mota zuwa wani babban asibiti.

Likitan da muka samu bai yi mini dariya ba, bai yi mini wa'azi ba. Da ya ji sunan ƙwayar da yawan da nake sha sai ya ajiye biro. Tun kafin in ba shi labarin caca ya tambaye ni, "Malam, ka fara caca, ko yawan saye-saye, ko wani hali da ba naka ba?" Na dube shi baki buɗe. Ya ce sanannen abu ne, a rubuce yake a takardar maganin. Ya yi mana bayani cewa dofamin shi ne sinadarin da ke sa ƙwaƙwalwa ta ce abin nan da daɗi, sake nema. Cabergoline da danginta, irin su bromocriptine da pramipexole da ropinirole, suna kwaikwayon dofamin ne. An yi su domin masu cutar karkarwar jiki ta Fakinsin, da masu yawan furolaktin, da wasu cututtuka sanannu, kuma ga waɗannan mutanen rahama ne. Amma ko a hannun likita sai an sa ido. Ya ce wani babban bincike da aka wallafa a 2010, kan masu cutar karkarwa sama da 3,000 a Amurka da Kanada, ya samu kusan 17 cikin 100 na masu shan wannan dangin magani suna fama da caca, ko saye-saye, ko ci, ko sha'awar da ta wuce kima. A cikin waɗanda ba sa shan su kuwa kusan 7 ne. Ya ce an ga irin haka har a masu shan ɗan kaɗan domin furolaktin. Shi ya sa likita kan gaya wa matar majinyaci ko mijinta tun ranar farko, domin mai shan ba ya ganin canjin da kansa.

Ya kuma tura ni hoton zuciya. Ya ce yawan shan cabergoline na tsawon lokaci yana iya sa ƙofofin zuciya su yi kauri su daina rufuwa daidai, kuma saboda wannan illa aka janye wata 'yar'uwarta, pergolide, daga kasuwar Amurka a 2007. Kwana huɗun da na yi ina jiran sakamako ban san iyakar addu'ar da na yi ba. Ya fito lafiya, alhamdu lillahi. Halin da na shiga bayan an zubar da ƙwayoyin kuwa, ya ce ƙwaƙwalwa ce ta saba, shi ya sa ba a yankewa rana ɗaya, a hankali likita ke ragewa. Ya haɗa ni da likitan ƙwaƙwalwa, wanda a da ko sunansa ba na so in ji, na yi wata takwas ina zuwa wurinsa. Maiɗakina ta karɓi wayata da katin banki, aka ba ni ƙaramar waya mai maɓalli.

Cikin wata biyu ƙaiƙayin caca ya mutu. Na wuce ta gaban shagon na ji kamar yadda nake ji a da, ƙyama. A ranar na yarda da maganar likita har zuciyata. Sai wata tambaya ta taso ta hana ni sukuni: to laifin wa ke nan? Na kai ta wurin wani malami a Agege. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce abin da ya shafi rinjayar hankali Allah ne masanin gwargwadonsa, kuma Shi mai rahama ne, amma haƙƙin mutane ba ya faɗuwa da uzuri, sai an biya ko sun yafe. Na karɓi wannan, kuma shi nake ganin daidai. Ƙwayar ta karya mini birki, amma ba ita ta saya wa kanta kanta ba, ba ita ta ɓoye wa matata ba, ba ita ta hana ni zuwa asibiti ba. Masu miƙa irin waɗannan magunguna ga duk wanda ya faɗi suna, su ma suna da abin da za su amsa, domin da mutum ɗaya ya ce mini ina takardar likita, da wataƙila na tsaya.

Na tafi gida da kaina na bi mutanen ɗaya bayan ɗaya. Na sayar da gonar da na gada, aka biya fiye da rabi. Wasu sun yafe wani ɓangare, wasu sun ce ba su yafe ko kwabo ba, kuma haƙƙinsu ne. Dattijon nan abokin mahaifina, na durƙusa a gabansa na faɗa masa abin da na yi da kuɗinsa a daren da ya kira ni ɗansa. Ya daɗe bai ce komai ba. Daga baya ya ce in tashi, in biya shi a hankali, amma ba zai sake ɗora mini kaya ba. Ya rasu bara, saura dubu tamanin in gama biyansa. Na kai wa magadansa.

Matsalar da ta fara kai ni ga wannan duka ta yi sauƙi a hankali, ba da wata ƙwaya ta ɓoye ba. An auna jinina yadda ya kamata, an yi maganin baƙin cikin, an ba abin lokaci. Ba zan ce na koma yadda nake ina ɗan shekara 25 ba, amma gidana ya zauna, kuma yanzu in abu ya dame ni maiɗakina ce ta farkon ji. Duk maganin da zan sha, ko na mura ne, ita ke karanta takardar.

Ga wanda yake shan finasteride ya ga canji a jikinsa ko a ransa, ya koma wurin likita ya faɗa da bakinsa, kada ya nemo wata ƙwayar ya ɗora a kai. Wanda kuma ya riga ya fara cabergoline ko danginta, ko da likita ne ya rubuta masa, ya gaya wa wani na kusa da shi yau, ya ce in ka ga na fara caca ko kashe kuɗi ko wani hali da ba nawa ba, ka kai ni asibiti, kada ka tsaya jin ta bakina. Kada kuma ya yanke da kansa.

Yanzu na koma ƙarƙashin Alhaji, kamar yadda na fara. Ni ke sayarwa, amma kuɗi ta asusunsa suke bi, kuma ni na roƙi a yi haka. Manoma uku sun dawo suna ɗora mini kaya. Saura dubu ɗari shida da arba'in a kaina, a rubuce suke a wani littafi da maiɗakina ke ajiyewa, duk ƙarshen wata mu zauna mu rage. Ranar Juma'a da safe nakan je wurin wani wanzami a bakin kasuwa ya kwashe abin da ya rage a kan, in ɗora hula in tafi masallaci. Matashin nan da ya nuna mini hoton kwali, mun yi da shi ranar Litinin zan raka shi asibiti.